AMANAR RAI: DARASI A KAN ƘA'IDOJIN AIKIN LIKITA DA CINIKIN MAGANI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya halicci cuta kuma Ya halicci magani, Ya sanya rai da hankali amana a wuyan bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari wanda babu gidan da bai taɓa ba a cikin birnin Maraɗi, da Tibiri, da Jiratawa, da ƙauyukan da ke kewaye da su, wato ƙa'idojin da hukuma ta ɗora wa masu aikin lafiya: likitoci, da malaman asibiti, da ungozoma, da masu farmasi, da duk wanda yake ɗora hannu a jikin ɗan Adam da sunan magani. Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar waɗannan ƙa'idoji a matsayin takardun boko da wahalarwar gwamnati, alhali kuwa suna da asali mai ƙarfi a cikin littattafan fiƙihu da muke karantawa a zaurukanmu.

ABIN DA YA FARU A SHEKARAR 1995

Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta shekarar 1995 ba, wadda ta kama fiye da mutum 40,000 a ƙasar Nijar cikin ƴan watanni. A tsakiyar wannan tashin hankali aka kawo kyautar allurar rigakafi daga Nijeriya, kwalaben suna ɗauke da sunayen kamfanonin Turai sanannu. Wasu ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura garin maganin ba ya narkewa yadda ya kamata, kuma akwai ƙazanta a cikin ruwan. Da aka kai shi ɗakin bincike sai aka tarar babu sinadarin rigakafi a cikinsa ko kaɗan, kamfanonin da aka buga sunayensu kuma ba su ne suka yi shi ba. Kafin a gane haka an riga an yi wa fiye da mutum 50,000 wannan allura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 2,500 sun rasa rayukansu a sanadiyyarta.

Mu lura da kyau: malamin asibitin da ya tsira allurar bai yi nufin cuta ba, uwar da ta kawo ɗanta ta yi abin da ya dace, kuma kowa ya koma gida yana zaton ya tsira. Abin da ya ɓace shi ne bincike tsakanin shigowar kaya da shigarsa jikin mutane. Lamarin bai ƙare a nan ba, domin a shekarun 2015 da 2017 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka samu a Nijar. A shekarar 2017 hukumar ta bayyana cewa kusan ɗaya daga cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko dai jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. A Nijeriya, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009, a Gambiya kuma maganin tari ya kashe yara kusan 70 a shekarar 2022, dukansu saboda guba da ta shiga ruwan maganin.

HUKUNCIN SHARI'A A KAN MAI MAGANI

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi daga Amru ɗan Shu'aibu, wanda ma'anarsa ke nuna cewa mutumin da ya shiga yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. A kan wannan asali malamai suka gina babin lamunin likita.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya ambaci abubuwa uku a cikin Muhtasar da ke jawo wa likita lamuni: jahilci, da sakaci, da yin aiki ba tare da izini abin dogaro ba. Ibnu Rushdi kuma, a cikin Bidayatul Mujtahid, ya rarrabe tsakanin mutum biyu. Na farko shi ne gwani wanda aka san shi da sana'ar, hannunsa ya kuskure: wannan ba a yi masa ƙisasi, amma akwai diyya, wadda danginsa na wajen uba za su ɗauka idan ta yi yawa, ko ya biya daga dukiyarsa idan ba ta kai sulusi ba. Na biyu shi ne wanda ba ma'abucin sana'ar ba ne: wannan, bayan diyya, ya cancanci horo daga hukuma na bulala da ɗauri. Idan kuwa gwani ya yi aikinsa bisa ƙa'ida, da izini, bai yi sakaci ba, sai ajali ya zo, to babu kome a kansa, domin aikinsa ƙoƙari ne, waraka kuwa ta Allah ce.

Imamu Abu Hanifa, wanda aka san shi da ƙin hana baligi mai hankali sarrafa al'amuransa, an ruwaito cewa ya yarda a hana mutum uku: malami mai wasa da fatawa, da likita jahili, da mai ba da hayar abin hawa wanda ya tsiyace yana karɓar kuɗin mutane. Na farko yana ɓata addini, na biyu yana ɓata jiki, na uku yana ɓata dukiya. Ashe ke nan rufe shagon jahilin mai magani hukunci ne da magabata suka sani tun kafin zuwan Nasara.

ASALIN TAKARDAR IZINI

A shekarar 319 ta Hijira, daidai da 931 ta Miladiyya, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Sai Halifa Muƙtadir ya ba da umarni kada wanda ya ƙara yin aikin likita sai Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi, ya rubuta masa fannin da zai yi aiki a cikinsa. Malaman tarihi sun ce an jarraba kimanin mutum 860. Littattafan hisba, irin su Nihayatur Rutba na Shaizari da Ma'alimul Ƙurba na Ibnul Uhuwwa, sun bayyana yadda muhtasibi yake binciken masu haɗa magunguna don gano algus, da yadda likita yake rubuta abin da ya ba majinyaci ya bar takardar a hannun iyalinsa, domin idan ya mutu a kai ta wurin shugaban likitoci ya duba ko an yi sakaci.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Maskat na ƙasar Oman a shekarar 2004, ta yanke cewa likita yana ɗaukar lamuni idan ya yi aiki ba shi da izinin hukumar da abin ya shafa, ko ba da yardar majinyaci ba, ko ya yaudare shi, ko ya yi sakaci, ko ya tona asirinsa babu dalili, ko ya ƙi taimako a halin gaggawa. A ƙasarmu kuma an fitar da dokar harhaɗa magunguna da cinikinsu a watan Janairu na shekarar 1997, sannan dokar buɗe asibiti mai zaman kansa a shekarar 1998. Idan umarnin shugabanni ya dace da maslahar jama'a, kuma babu saɓon Allah a cikinsa, to bin sa wajibi ne, kamar yadda malamai suka fahimta daga aya ta 59 a cikin Suratun Nisa'i.

ƘA'IDOJI SHIDA

Ta farko, izini da tsayawa a iyakarsa. Takardar da aka ba mutum tana faɗin abin da ya iya, tana kuma faɗin inda ya tsaya. Wanda aka ba izinin ɗakin wanke ciwo da yin allura ba shi da ikon kwantar da majinyata ko fiɗa. Ungozoma da ta ga naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, wajibinta ta tura ta babban asibiti tun da sauran ƙarfi. Riƙe majinyaci don kada kuɗi su kuɓuce, ko don kada a ce an kasa, yana cikin sakacin da Shehu Halilu ya ambata. Wannan hukunci ya haɗa da wanzami mai kaciya da cire beli, da maɗori, da mai maganin gargajiya: wanda ya ga abu ya fi ƙarfinsa ya sallama shi ga wanda ya fi shi sani.

Ta biyu, sanin asalin magani da kyautata ajiyarsa. Ƙa'ida ita ce kada magani ya shiga kasuwa sai hukuma ta yi masa rajista, kuma a saye shi ta hannun dillalan da aka yarda da su, irin su ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, wanda aka kafa tun 1962, ga kuma ɗakin bincike na LANSPEX a Yamai domin awon inganci. Kowane kwali yana ɗauke da lambar rukuni da ranar lalacewa. Amfanin lambar shi ne, idan aka gano aibi, a bi sawun rukunin a janye shi daga ko'ina. Maganin da aka zazzage a leda ba shi da sawun da za a bi. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin awo 2 da 8 na sanyi, alhali zafin Maraɗi a watannin bazara yana wuce awo 40. Maganin ƙwarai ma, idan ya wuni a kan tire cikin rana a tasha, ƙarfinsa yana raguwa ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya yi wa mai shi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Idan haka ne a hatsi wanda mai saye zai iya dubawa, yaya ƙwayar magani wadda ba ya da hanyar sanin abin da ke cikinta?

Ta uku, bincike kafin magani, da tsabtar kayan aiki. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi awon jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin zafin jiki yana iya zama sanƙarau ko ciwon huhu, kwana biyun da aka ɓata ana shan maganin da bai dace ba kuwa su ne kwanakin ceto. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan aka sayar da rabinsa gwargwadon kuɗin mai saye, ƙwayoyin da suka saura sukan saba da shi, gobe ya daina aiki ga mai shi da maƙwabcinsa. Sirinji na mutum ɗaya ne, aska ma haka, jinin da za a ƙara wa majinyaci kuma sai an auna shi, saboda ciwon hanta da cutar sida suna bin jini. Magunguna masu bugarwa irin su taramol ba a bayar da su sai da takardar likita. Mai sayar da su ga matasa a ɓoye yana cinikin hankalin ƴaƴan mutane, hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su.

Ta huɗu, rubutu da ba da rahoto. Rajistar asibiti, da katin awon ciki, da katin rigakafin yaro, su ne shaidar ma'aikaci idan aka tuhume shi, su ne kuma hujjar majinyaci idan aka zalunce shi. Akwai cututtukan da dole a sanar da hukuma da zarar an gan su, irin su kwalara da ƙyanda da sanƙarau. Kwalarar shekarar 2018 ta ɓulla ne a yankin Madarunfa, inda Jiratawa take, ta kama dubban mutane. A irin wannan hali, kwana ɗaya na jinkirin rahoto yana iya zama rijiya ɗaya da ba a tsabtace ba. Mai asibitin da ya ɓoye cuta don kada a guji gidansa ya ɓoye shaida, wanda ya cika rajista da alƙaluman ƙarya kuma ya yi shaidar zur.

Ta biyar, yardar majinyaci da rufin asirinsa. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har shekarar 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan rikici yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye. Dubi yadda rashin bayani a wuri guda ya jawo asara ga waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Yarda ba ta inganta sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji. Game da asiri, Majalisar Fiƙihu ta yi zama a kansa a Burunai a shekarar 1993, ta tabbatar da cewa asali shi ne ɓoyewa, sai inda ɓoyewar za ta cutar da wani ko jama'a. Ciwon matar wani ba abin hira ba ne a majalisar shayi.

Ta shida, gaskiya a wajen kuɗi. A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, bayan fiɗar haihuwa da aka riga aka ɗauke, a shekarar 2024 kuma ta rage kuɗin jinya a asibitocinta. Abin da aka ce kyauta ne, karɓar kuɗi a kansa cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Haka karkatar da maganin asibitin gwamnati zuwa shago, da tura majinyaci da gangan zuwa asibitin da ma'aikaci yake da rabo a ciki. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya keɓe wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, ya hau mumbari ya yi inkarin haka. Daga nan malamai suka ɗauki hukuncin kyautar ma'aikata.

HAƘƘIN DA KE KAN HUKUMA

Adalci ne mu faɗi cewa ma'aikacin lafiya ba shi kaɗai yake ɗauke da wannan kaya ba. Mutanen Tibiri sun san haka fiye da kowa. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen shekarar 2000 garin ya sha ruwan famfo mai ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a shekarar 2002. Awon ruwa a kan kari da ya isa ya hana wannan. Doka a takarda ba ta kare kowa sai an samu mai bincike da ke fita, wanda ba a saye shi, wanda kuma ba ya bambanta ɗan wane da talaka.

Haka nan an sha jinkirta biyan asibitoci kuɗin jinyar kyauta, har kantocin maganinsu suka bushe, ma'aikaci ya rasa abin da zai bayar sai takarda. Ga ɗaukewar wutar lantarki da ke barazana ga firjin allurai, ga malamin asibiti guda a kan ƙauyuka masu yawa. Wanda ya ɗora ƙa'ida wajibi ne ya samar da abin da za a cika ta da shi. A watan Janairu na 2020 Nijar tana cikin ƙasashe bakwai da suka ɗauki alkawari a birnin Lome na tsananta hukunci a kan fataucin jabun magani, alkawari kuwa kaya ne.

AMSAR WASU UZURORI

Wani zai ce: farmasi tsada gare ta, mai tebur kuwa yana sayar da ƙwaya ɗaya, har bashi yana bayarwa. Wannan magana ce ta gaskiya, kuma cinikin ya ƙara yaɗuwa ne bayan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin kayan waje suka ninka. Amma araha ba ta ado: wanda ya sayi maganin da ba ya aiki ya biya sau biyu, na biyun kuma wani lokaci da rai ake biya. Akwai magunguna marasa sunan kamfani a asibitocin unguwa, masu sauƙin kuɗi, sinadarinsu ɗaya da masu tsada. Mu roƙi likita ya rubuta mana su.

Wani zai ce: da wannan sana'a nake ciyar da iyalina. Muna tausaya masa, amma larurar mutum ba ta halatta masa jefa ran wani cikin haɗari, kuma Maraɗi gari ne na fatauci, ƙofofin halal a cikinsa suna da yawa.

Wani kuma zai ce: tun da an taɓa samun jabu, gara a bar rigakafi gaba ɗaya. Wannan kuskure ne babba. Samun jabun kuɗi bai sa an daina ciniki ba. Allurar sanƙarau da aka fara yi a Nijar a shekarar 2010 ta kusa kawar da nau'in da ya fi yi mana ɓarna a da, kuma a shekarar 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Darasin 1995 shi ne a karɓi allura a hannun asibitin da hukuma ta sani, kada a saye ta a kasuwa.

Mai cewa ajali ne kuwa, mun yi imani da ƙaddara, amma malaman da suka wajabta diyya a kan likita sun fi mu sanin ƙaddara.

ABIN DA KE KANMU

Maigida ya duba ranar lalacewa kafin ya biya, ya adana takardar magani da kwalinsa, ya bar wa iyalinsa izinin zuwa asibiti ko ba ya gida, domin naƙuda ba ta jiran dawowar matafiyi. Wanda ya ga an cuci majinyaci ya kai ƙara ga shugaban asibiti ko hukumar lafiya ta yanki, cikin ladabi da hujja, ban da zagi ko ɗaga hannu a kan ma'aikaci. Masu unguwanni da limamai kada su je roƙon a saki wanda aka kama da jabun magani, domin ceto a irin wannan taimako ne a kan zalunci. Alhazanmu masu hali su tuna cewa babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 da waƙafi aka riƙe shi; sayen firji mai aiki da hasken rana, ko ɗaukar nauyin maganin marayu a asibitin unguwa, sadaka ce mai gudana. Ƴaƴanmu mata kuma mu bar su su yi karatun likita da ungozomanci, domin farilla ce ta kifaya, kuma da su ne za a rufa asirin iyayenmu mata.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, ƴan'uwanmu da muke sahu ɗaya da ku, ku sani mai bincike yakan zo sau ɗaya a shekara, amma Allah Yana ganin hannunku a kowane dare na gadi. Wanda ya kyautata niyya ya tsare ƙa'ida, aikinsa ibada ne, kuma aya ta 32 a cikin Suratul Ma'ida ta isa bushara ga mai ceton rai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sanya albarka a hannun masu jinya, Ya shiryi shugabanninmu ga tsare amana. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.